Yadda Ake Gane Iskokin Kayan Kiɗa a Tsofaffin Zane-zanen Japan

A tsohuwar al'adar Japanawa, kayan aikin da ya cika shekara 100 yana samun kurwa tasa, kuma irin waɗannan halittu su ake kira tsukumogami. Mai son gane na kayan kiɗa a cikin zane ya fara da neman ƙafafu da hannuwa, domin galibi ana nuna su ne suna tafiya da kansu cikin ayarin dodanni da dare.

Daga nan sai ya duba siffar kayan, ya ƙirga tsirkiya idan ta fito. Biwa, wadda ake rungumewa kamar garaya, yawanci tsirkiya 4 gare ta, kuma a zanen da mai zane Toriyama Sekien ya buga a 1784 ta zama kan wani makaho mai dogara sanda, saboda makafin makaɗa ne suka shahara da yawo da ita suna rera labaran yaƙi. Koto kuwa doguwa ce, ta kusa mita 2, tana da tsirkiya 13, kuma a zanen nasa tsirkiyoyin sun tsinke sun barbaje kamar gashin da bai ga kitso ba. A naɗaɗɗen zanen da ke ajiye a Shinju-an, cikin haikalin Daitoku-ji a Kyoto, iskar biwa ce take jan iskar koto. Idan an ga shamisen mai tsirkiya 3, to zanen bai girmi ƙarni na 16 ba, domin a lokacin ne ta shiga Japan daga tsibiran Ryukyu.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne fuska. Wani tsohon labari ya ce a lokacin babbar sharar ƙarshen shekara mutane sukan watsar da tsofaffin kaya a bakin hanya kafin su kai shekara 100, kayan kuma su fusata da wannan butulci bayan doguwar hidima. Saboda haka zare ido da yagaggen baki alama ce ta kayan da aka wulakanta. Sai dai kada a ɗauka kowace iska muguwa ce. An ruwaito cewa Genjo, wata biwa ta fadar sarki, takan ƙi fitar da sauti idan makaɗin bai iya ba ko an bar ƙura ta hau ta, kuma da gobara ta tashi a fadar, da kanta ta fito tsakar gida.