Afendis mai zuwa yana tafiya: kurakuran da aka fi yi

Yawancinmu afendis ɗin da muka sani shi ne mai tasowa farat ɗaya, a kwashi mutum ranga-ranga sai ɗakin tiyata. To akwai wani mai laɓe-laɓe, ba a cika samunsa ba gaskiya, amma yakan yi watanni yana murɗa yana saki. Shi afendis ɗan siririn hanji ne kamar yatsa, tsawonsa kusan santimita 9, a ƙasan ciki ta dama. In busasshen kashi ya toshe bakinsa rabi-rabi sai ya kumbura, in ya buɗe ya lafa, haka dai.

Babban kuskure shi ne mutum ya yanke wa kansa hukunci wai olsa ce ko taifod, ya yi ta shan magani. Olsa fa yawanci sama take ci, wajen ƙahon zuciya. Wannan kuwa kullum wuri ɗaya yake dawowa, tsakanin cibiya da ƙashin ƙugu na dama, ka danna da yatsa ka ji shi. Ka riƙa rubuta ranar da ya taso da kwana nawa ya yi, ka kai wa likita, don in ka je ranar da ya lafa ba lallai a ga komai ba.

Sai masu cewa ai an yi min gwajin jini da sikanin an ce lafiya lau. A irin wannan jini yana iya fitowa daidai, zazzaɓi ma babu, sikanin na yau da kullum yakan kasa hango shi, CT, wato sikanin na babban inji mai ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla, ya fi gani. Mata kuma a duba mahaifa da ƙwai, a yi gwajin ciki, saboda cikin da ya zauna a wajen mahaifa yana kama da shi sosai.

Antibayotik ɗin da ake sha kwana 2 a watsar shi ma ɓata lissafi yake, ya danne ciwon likita ya rasa gane kansa. Maganin wankin ciki kam kar ma a fara. In an tabbatar afendis ne, cire shi ake yi, sau da yawa ta 'yan ƙananan huda uku a ciki.

Ranar da ciwon ya tsananta har da amai da zazzaɓi, ko tari kawai ka ji kamar an soke ka, kar ka ci kar ka sha, wuce asibiti. In kuma ya ɗauke ɗif bayan ya yi tsanani kar ka ce sauƙi ne ya samu, wataƙila fashewa ya yi.