Yadda za ka shirya kanka in kana aika kayan fata Turai ko Amurka, kar a tsare su kan zancen aikin tilas

Salamu alaikum ƴan uwa dukawa da masu sarin kayan fata suna aikawa waje, musamman mu na nan Tawa. Bara wata kiliyan tamu ta Faransa da munka jima muna aika ma jakunkuna da takalma ta turo muna wata doguwar takarda ta WhatsApp, wai ina munka sayi fata, wa ya jeme ta, nawa muke biyan yaran atiliye, akwai wanda ke aiki don biyan bashi? Wallahi da farko raina ya ɓaci, na ce zarginmu take ko mi, sai daga baya na gane ita ma doka ce ke tahe bisa kanta.

Ga yadda abin yake. Amurka tun 1930 take da doka, sashe na 307 na dokar duwan ɗinsu, da ta hana shigo da duk kayan da anka yi da aikin tilas, amma sai 2016 sunka toshe ƙofar da ƴan kasuwa ke bi suna kaucewa. Yanzu duwan ɗinsu da ake ce ma CBP in ta samu dalilin zato kawai tana iya tsare kaya a tasha, mai kaya ya kawo hujja cikin wata 3 ko ya fidda kayanshi daga ƙasar, haka sunka yi ma tabar Malawi a 2019 da safar hannu ta kampanin Top Glove na Maleziya a 2020. Tarayyar Turai ita ma ta yi tata, mai lamba 2024/3015, za ta fara aiki 14 ga Disamba 2027, kuma ba ruwanta da ƙaramin ɗan kasuwa ne kai ko babba. Wanda ya sayi kayanka can shi za a tambaya, shi kuma ba ya da inda za ya juya sai wurinka.

Mu abin ya fi shafa saboda ma'aikatar ƙwadago ta Amurka na da wani jerin kaya da take fiddawa, a ciki ta sa shanun Nijar wajen aikin tilas, zinariya da gishiri da kanwa kuma wajen aikin yara. Jerin ba hani ba ne, amma masu saye suna karanta shi, to da ka ce kirgi daga Nijar sai tambaya ta biyo.

Abu na farko ka sayi kaye guda mai kauri, shi ne jarinka. Duk fatar da ka saya ka rubuta rana, wace kasuwa, Badagishiri ce ko Abalak ko nan cikin gari, hannun wa, guda nawa, jika nawa. In da hali ka riƙa saye wurin mahauta da ka sani ko abatuwar, ya fi ka tsinto wurin dillali da shi kanshi bai san daga wane garke ta fito ba. Majemi ma ka tsaya ga ɗaya ko biyu, ka taka da ƙafarka ka je majema ka ga su wa ke cikin ramin nan, ka tambayi yadda ake sallamarsu. Kuma kar ka garwaya fatar da ka san asalinta da wadda ba ka sani ba cikin komand ɗaya, ta gida daban ta waje daban.

Sai maganar masu yi maka aiki, nan ne nike so a tsaya da kyau don nan muke da laifi ba mu sani ba. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya OIT ta lissafa alamu 11 na aikin tilas, a ciki akwai riƙe ma mutum kartidantite, riƙe mashi kuɗin aikinshi, ɗaure shi da bashi, hana shi tafiya, da yi mashi barazana. To duba yadda muke yi da abans: yaro ya karɓi jika ashirin lokacin salla, ba a rubuta ba, ana ta cewa da saura da saura, shekara ta kewayo yana so ya koma garinsu maigida ya ce sai ka biya ni. Wannan shi ne ɗaurin bashi ko da niyyarka mai kyau ce. Ka rubuta abans gaban shaidu, ka rubuta nawa ake cirewa duk sati, ya san ranar da za ya ƙare. Kartinshi ta zauna aljihunshi. Biya kuma ya sa hannu ko ya dangwala yatsa cikin kaye, in ta Nita ko Amana ka tura ka aje resi. Apranti in ɗan lakwal ne ya je lakwal, ya taho koyo da marece, ba shi za ya kwana yana ɗinka komand ɗin Turawa ba.

Wani wuri da mutane ke mantawa, yadin da kake sa ma jaka shafi daga ciki da zaren ɗinki. Tun 21 ga Yuni 2022 Amurka ke ɗaukar duk abin da ya fito daga yankin Shinjiyang na Sin a matsayin na aikin tilas har sai an kawo hujja, auduga kuma ita ce kan gaba, ko ɗan ƙyalle ne cikin jaka ya isa. Saboda haka in Amurka kayan za su, ka nemi faktir wurin mai shagon da ka sayi yadin, in ba ya da ita ka koma ga saƙi na gida ko ka yi shafin da fatar tunkiya.

Takardun hukuma kuwa kun san su, NIF (lambar biyan haraji), RCCM (rajistar kasuwanci), takardar asalin kaya, faktir da yawan kayan ya yi daidai da abin da ke cikin kwali, taransitar ɗinka za ya gyara sauran. Ka dai tuna an fidda Nijar daga AGOA, tsarin Amurka da ke barin kayan ƙasashen Afirka su shiga ba kuɗin duwan, tun Janairu 2024, sai ka lissafa kuɗin duwan cikin farashi.

In kiliyan ya nuna shakka kan ƙasarmu, gaya mashi tun 2003 dokar Nijar ta maida bauta babban laifi mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30, ƴar jaharmu ce Hadijatu Mani da anka bautar ta kai ƙara ta yi nasara gaban kotun CEDEAO a 2008, kuma Nijar ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da sabuwar yarjejeniyar OIT kan aikin tilas a 2015. Amma don Allah wajen cika takardar tambayoyi kar ka rubuta abin da ba ka gani da idonka ba, inda ba ka da amsa ka ce a ba ka sati biyu ka bincika. Kuma duk Juma'a ka ɗauki hoton shafukan kayen da portabul ka tura ma wani ɗan uwa ya aje, don gara da ruwan damina ba su barin takarda a shago.