Ga masu shirin zuwa Durban ko Joburg (Johannesburg) a Afirka ta Kudu, ku fara da gaisuwar Zulu

Salam 'yan uwa. Ni dai shawarata kada ka tsaya haddace dogon jerin kalmomi, fara da gaisuwa tunda su ma Zulu kamar mu ne, in ka wuce babba ba ka gaishe shi ba to ka gama zubar da mutuncinka. Mutum ɗaya ka ce Sawubona, in suna da yawa Sanibonani, za su amsa da Yebo. Unjani shine yaya kake, amsar Ngiyaphila, amma fa "ph" ɗin nan ba f bace, p ce mai ɗan iska, mu kuma Hausawa da p sai a hankali, haka na dinga cewa ngiyafila a wani shago matar tana ta dariya, ashe kusan cewa nake ina mutuwa.

Na gode Ngiyabonga. Nawa ne, Malini. Ruwa amanzi, nama inyama, sannan wacce nake ganin tafi komai amfani gare mu ingulube wato alade, ka riƙe ta da kyau kafin ka zauna a gidan abinci.

Inda ake shan wuya c da q da x ne, harshe ake ƙyasawa. A'a ma Cha ne, kuma ba irin c ɗinmu ba, ka manna harshe bayan haƙoran gaba ka janye kamar mai ƙaramin tsaki.

Dattijo ka kira shi baba, dattijuwa mama, sa'anka bhuti ko sisi. In zaka tafi ka ce Sala kahle, wanda ka bari shi zai ce maka Hamba kahle.