Wutsiya da farko, rediyo daga ƙarshe: yadda na jera sayen kayan jirgina

Ina yaro a Kaduna, duk ranar da muka je gidan kawuna wajen Mando sai mun ɗaga kai muna kallon wasu ƙananan jirage masu inji ɗaya, na 'yan koyon tuƙi a sojan sama. Air Beetle ake ce musu. Sai da na daɗe a Amurka na gane ashe asalinsu RV-6A ne, ƙirar kamfanin Van's Aircraft da ke Aurora a jihar Oregon, kayan guda 60 aka kai Kaduna aka harhaɗa. Yau ga ni a Minnesota, motata tana kwana a waje cikin ƙanƙara, ƙanen wancan jirgin, RV-7A, ya cinye garejin. Shekara ta biyar ke nan.

Duk wanda ya leƙo, tambayarsa ɗaya: nawa ka saye shi? Ba a sayensa rana ɗaya. Kashi-kashi kamfani ke sayarwa: wutsiya, fukafukai, gangar jiki, sai kayan ƙarashe. Inji da farfela da na'urorin gaban matuƙi kuma cinikinsu daban. Dokar FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, ta ce sai ka yi fiye da rabin aikin da hannunka kafin a yi wa jirgin rajista a matsayin haɗin gida, don haka shekaru za ka yi kana abu ɗaya. Wanda bai iya jera sayayyarsa ba, ko dai ya zauna wata da watanni hannu rabbana yana jiran akwati, ko kuma kuɗinsa ya kwanta a kan kanta yana tsufa.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi. Kafin ka biya kuɗin kowane kaya, tambayi kanka: idan wannan ya shekara uku a ajiye, me zai same shi? Falankin alminiyam ba abin da zai same shi muddin wurin a bushe yake. Inji zai yi tsatsa. Na'ura yayinta zai wuce. Batir da taya da tiyo da gam kuwa mutuwa suke yi a tsaye. To da wannan jerin za ka saya.

Kafin komai, kayan aiki. Kwamfuresa, bindigar ribit (ƙusar da ake daddaƙewa ta haɗe falanki biyu), dunƙulen ƙarfen da ake tokare ribit ta baya, abin lotsa bakin rami, bakin huda lamba 40 da lamba 30, da ɗaruruwan 'yan maƙalai da ake kira kiliko, masu riƙe falanki biyu kafin a daddaƙe. Kamfanin yana sayar da ɗan kayan gwaji, akwatin ajiyar sifana da za ka haɗa da kanka. Ka saya. Nawa yana nan, murfinsa a karkace, da tabon bindiga kamar wanda aka yi wa shasshawa. Gara hannunka ya yi ɓarnarsa a can. Ka kuma nemi reshen EAA mafi kusa da kai, ƙungiyar masu haɗa jirage a gida, waɗanda suke babban taro a garin Oshkosh duk ƙarshen Yuli. Suna da dattawa masu zuwa duba aiki kyauta, kuma rabin kayan aikin da ake buƙata sau ɗaya tak, aro za ka samu a wurinsu.

Sai wutsiya. Ita ce mafi araha, ita ce kuma makaranta. A nan mutum yake gane ko yana son haɗa jirgi, ko kuwa tuƙa jirgi kawai yake so, kuma waɗannan abubuwa biyu ne daban. Wutsiyoyin da aka fara aka watsar suna da yawa a kasuwar kwance, shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya yi odar kashi huɗun gaba ɗaya, komai kaurin aljihunsa. Ranar da akwati ya iso, kada ka ɗaga aikin ƙirga. Kwana 30 kamfani ke bayarwa ka faɗi abin da babu. Ka baje takardar lissafi, ka buɗe kowace 'yar jaka, ka sa alama. Ni da uwargida muka yi namu a teburin cin abinci, ita tana karanto lamba ina nemowa, har ta ce ko lefe ba a yi masa wannan bin diddigin.

Kuskurena na farko a nan na yi shi, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Na bari sai da na buga ribit na ƙarshe a wutsiya sannan na yi odar fukafukai. Tsawon jiran yana rubuce ƙarara a shafin kamfanin, ni ne ban duba ba. Wata bakwai na yi ina shiga gareji ina share ƙasa. Da akwatin ya zo, hannuna ya manta nauyin bindiga, sai da na koma kan tarkacen falanki na sake koyo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lissafin ba wuya. Dole ne dama ka riƙa rubuta awannin aikinka da hotuna, domin mai duba jirgi zai nemi ganin littafin a ƙarshe. Daga littafin za ka san awa nawa kake yi a mako, na gaskiya, ban da na buri. A ce awa 10 ne, kuma saura awa 200 ka gama kashin da ke hannunka: mako 20 ke nan. Idan jiran kashi na gaba wata shida ne, ka riga ka makara da mako shida. Ni yanzu ranar da na buɗe sabon akwati, ranar nake duba jiran na gaba, in rubuta kwanan odar a jikin bango da alli. Jiran kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, yakan ƙaru yakan ragu, sai ka riƙa leƙawa duk wata.

Fukafukai kafin gangar jiki, wannan ba zaɓi ba ne a RV-7. Ƙashin tsakiya da ke ratsa ƙarƙashin kujeru, wanda fukafukan biyu ke ɗaurewa a jikinsa, tare aka huda shi da ƙasusuwan fukafukanka, kuma a akwatinsu yake zuwa. Ba shi, ba za ka yi nisa da gangar jiki ba. Wasu samfuran jerinsu ya ɗan bambanta, misali RV-10 mai kujera huɗu, wanda bayan gangar jikinsa yake zuwa tare da wutsiya. Ka tambayi kamfanin naka me ke cikin wane akwati.

A fukafukai akwai tankunan mai, a tankuna kuma akwai gam. Baƙi-baƙi ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kashi biyu ake gaurayawa, yana kama gashin hannu, ya bi ka har kan sallaya. Yana da wa'adi a jikin gwangwani. Na sayi nawa tare da akwatin don in rage kuɗin aike, ban kai ga tanki ba sai bayan shekara da 'yan kai, na zubar na sayi sabo. Sai haƙarƙarin tanki sun zama a shirye sannan ka aika a kawo. Haka farar ledar nan ko shuɗiya da ke manne a falanki: in ta shekara da yawa sai ta ƙi ɓarewa, wani dalilin ke nan na kada ka tara akwatuna.

Akwai abubuwan da ake yanke shawararsu da wuri amma a biya a makare, kuma nan mutane suke rikicewa. Kafin ka rufe cikin fiffike, sai ka san ko za ka sa na'urar tuƙa-kanka, da ta wane kamfani, Garmin ko Dynon, saboda mazauninta da bututun wayoyi a lokacin ake sa su cikin sauƙi. Mazaunin kawai za ka saya, 'yan daloli ne. Na'urar kanta ta jira. Ranar odar gangar jiki kuma za a tambaye ka biyu: tayar gaba ko tayar wutsiya, sannan murfin kai, wato rufin roba mai haske da ke saman matuƙi, mai zamewa baya ko mai ɗagawa sama. Ka shiga jiragen mutane ka zauna a kowanne tun kana kan fukafukai.

Inji shi ne babban tarko. Ba za ka iya odar kayan ƙarashe ba sai ka faɗi injin da za ka sa, domin mazaunin inji da bonet a kansa ake zaɓarsu. Mai shan iska ta ƙasa bonet ɗinsa da ɗan maƙoƙo a haɓa, mai sha ta gaba nasa sumul. Farfela ma haka: in kana son wadda ke sauya kwanciyar ruwanta a sama, sai inji mai ramin mai a cikin karanshaf. Ni na tsaya a kan Lycoming IO-360 mai ƙarfin doki 180 tun ina rabin gangar jiki, amma ban biya ba sai da na ga shekara ɗaya ta rage in rataya shi. Kamshaf ɗin waɗannan injuna, sandar ƙarfen da ke buɗe bawul, a sama yake, mai yana tsiyayewa ya bar shi tsirara, raɓa ta samu wurin zama. Wani dattijo a reshenmu ya tsinci inji na hannu a farashin banza tun yana wutsiya, ya ajiye shekara bakwai a ƙarƙashin benci. Da aka buɗe, kamshaf ya yi ƙuraje, kuɗin gyara ya cinye arahar har da ƙari. In dole inji ya zauna, ka nemi a yi masa shirin dogon ajiya, ka ɗaura masa fulogogin nan masu ƙwayoyin shan danshi. Shuɗaye ne, idan suka koma ruwan hoda sun ƙoshi, sai ka gasa su ko ka canza. Ka kuma tambaya a rubuce yaushe garanti yake fara ƙirgawa, ranar aikowa ko ranar tayarwa.

Murfin kai yana cikin kayan ƙarashe, kuma roba ce mai tsagewa in an yanka ta da sanyi. Na jera odata yadda zai iso kafin bazara, na yanka shi a Yuli, gareji ya haura digiri 25. Wanda nasa ya iso a Nuwamba a jihar nan, ko ya ƙona kuɗi a hita ko ya jira.

Na'urori su ne na ƙarshe, kuma su ne suka fi jan rai, don su ake baje wa a Oshkosh suna walƙiya. Daure. Tun 1 ga Janairu 2020 doka ta wajabta na'urar ADS-B mai sanar da inda jirgi yake a yawancin sararin manyan biranen Amurka, kuma waɗanda suka sayi tsohon samfuri shekaru kafin nan suka ajiye a kwali, sai da suka ƙara kuɗi kafin jirginsu ya taɓa tashi. Batir, da na'urar kiran ceto mai batir ɗinta na wa'adi, su ne sayayyar watan ƙarshe.

Maganar kuɗi kuwa, masu haɗawa suna da wani ƙiyasi na baka: kashi ɗaya cikin uku jiki, ɗaya inji da farfela, ɗaya na'urori da fenti da tarkace. Ma'ana, ranar da ka ga abu mai kamar jirgi a garejinka, ba ka kai rabin kashewa ba. Ni ba na cin bashin ruwa, don haka na buɗe asusun inji tun ina wutsiya, duk wata ina jefa wani abu. Ka sa kuɗin akwati da na babbar mota da harajin jiharka a lissafi. Kafin alƙalami kuma ba ajiyar banki ba ne: a Disamba 2023 Van's ya nemi kariyar kotu don sake tsara basussukansa, farashi ya tashi, ya fito daga shari'ar a 2024 ya ci gaba da aiki. Babban kamfani ma ke nan. Kada ka baza kafin alƙalami a wurare huɗu kan kayan da ba ka buƙata sai baɗin baɗaɗa.

Lambar wutsiya, wato lambar rajistar jirgi, ana riƙe ta a FAA kan dala 10 a shekara, wannan kam yi da wuri in kana da lambar da kake so. Rumfar jirgi a filin sauka kuwa, ka sa sunanka a layi yanzu, amma kada ka kwashe kaya can sai aikin gareji ya ƙare ƙurmus. A gida nakan yi minti arba'in bayan sallar isha'i. Filin jirginmu tafiyar rabin awa ne, a lokacin sanyi ba mai zuwa.

Inda nake yanzu, inji yana rataye, fulogoginsa shuɗaye, allon gaba kuwa kwali ne da na zana ramuka da biro. Kwanan da ke jikin bango ya ce in yi odar rediyo a watan Maris.