Yadda za a ja bututun ruwan zafi a sabon gida a Legas

A ƙasashe masu sanyi kamar Jamus, ana binne bututun ruwan zafi a ƙarƙashin daɓe don ɗumama ɗaki. Mu nan Legas zafi ya ishe mu. Abin da mai gini a Agege ko Idi-Araba yake buƙata shi ne ruwan wanka mai ɗumi, kuma a ja layinsa tun kafin a yi filasta.

Da farko a zana hanyar bututun a bango, daga inda hita za ta zauna zuwa famfo. Gajeriyar hanya ta fi, don kada ruwa ya huce. Na zafi a hagu, na sanyi a dama.

Sai a sayi bututun PPR, wato na roba mai jure zafi, mai lamba PN20 (lambar da ke nuna matsin ruwan da zai iya ɗauka). Don Allah kada a yarda a sa na PVC, zafi yana lanƙwasa shi.

Wajen haɗi ake yawan yin ɓarna. A bar injin da ke narka bakin bututun don haɗi ya kai zafin digiri 260, a ɗora bututu mai milimita 20 da mahaɗinsa kamar daƙiƙa 5, a cusa su kai tsaye ba murɗawa. In suka daɗe a wuta, robar za ta narke ta toshe hanyar ruwa daga ciki, ba mai gani sai famfo ya ƙi kawowa.

A toshe bakunan, a cika layin da ruwa ya kwana, a duba yoyo, sannan a rufe bango.

Hita kuma a sa mata bawul mai sakin ruwa in matsi ya yi yawa, da wayar ƙasa mai kare mutum daga jan lantarki, a cika ta da ruwa kafin a ba ta wuta.