Yadda na gyara rabon teburin ciniki a PostgreSQL

Ina kula da ma'ajiyar bayanai ta wani ɗan kasuwa mai sayar da aya da gyaɗa a nan Maradi, da manhajar adana bayanai ta PostgreSQL. Mun raba teburin ciniki gida-gida bisa shekara da wata, da PARTITION BY RANGE (shekara, wata). Da muka zo loda tsofaffin rasit na shekarun baya, PostgreSQL ya ƙi karɓarsu, ya ce babu gidan da zai ɗauki layin.

Na fara zargin tsarin kwanan wata, lafiyarsa ƙalau. Don in buɗe gidan da zai ɗauki duk tsofaffin rasit, sai na gwada kalmar UNBOUNDED (wato marar iyaka) da na gani a wani tsohon misali, aka ce rubutun bai dace ba. Ashe an yi amfani da ita ne a sigogin gwaji na PostgreSQL 10, kafin fitowarsa a 2017 aka maye gurbinta da MINVALUE (babu iyaka ta ƙasa) da MAXVALUE (babu iyaka ta sama).

FROM (MINVALUE, 1) ma bai shiga ba. Ƙa'idar ita ce, da zarar ka sa MINVALUE a ginshiƙi ɗaya, duk na bayansa sai su zama MINVALUE. Hakan da ma'ana, domin in shekara ba ta da iyaka, lambar wata ba ta ƙara komai. Abin da ya yi aiki:

FOR VALUES FROM (MINVALUE, MINVALUE) TO (2020, 1)

A lura, ƙimar TO ba ta cikin gidan, don haka Janairun 2020 na gida na gaba ne. Rasit ɗin da babu lambar wata a jikinsu kuwa MINVALUE bai kama su, sai da na buɗe gidan DEFAULT, mai karɓar duk layin da bai samu gida ba, wanda ya zo a siga ta 11.

Alhamdulillahi, yanzu duk sun shiga.