Ɗame taya a kan janti mai faɗi: inda masu saukakkun motoci ke kuskure a Yamai

Motar da aka sauke ƙasa, aka sa mata janti mai faɗi da siririyar taya ɗamammiya, tana ɗaukar ido, babu musu. Sai dai ɗamewar tana cinye rarar da masu ƙera taya suka bari don ranar tsautsayi. Kwiɓin taya, wanda aikinsa shi ne ya tsaya kusan a miƙe ya kare bakin janti, ya kwanta ciki. Ƙarfen ya fito fili. Leɓen tayar kuma ƙarfin iska ne kawai ke riƙe da shi a mazauninsa. A garin da gudron ke ƙarewa ba sallama ka faɗa jar ƙasa ko yashi, ƙaramin kuskure a nan ba ya tsayawa ƙarami.

Yawanci tun a wajen saye ake ɓata abin, domin da ido ake zaɓe. Kowace taya tana da iyakar faɗin jantin da aka yarda ta hau. Taya 215/40 R17 (faɗinta milimita 215, tsayin kwiɓi kashi 40 cikin ɗari na faɗin, janti inci 17) ta janti ce mai faɗin inci 7 zuwa 8.5. Taya 225/40 R18 daga 7.5 zuwa 9. Taya 245/40 R18 daga 8 zuwa 9.5. In ka ɗora 225/40 a kan janti 9J, wato mai faɗin inci 9, kwiɓin zai ɗan kwanta, ka samu siffar da kake nema, kuma kana cikin ƙa'ida. In ka ɗora 215/40 a kan 9.5J ko 10J, ka wuce iyaka da inci ɗaya ko fiye, babu kamfanin tayar da zai tsaya maka. Ga motar da ake shiga kullum a Yamai, ƙarshen iyakar da aka yarda nan ne wurin tsayawa. Abin da ya wuce haka na motar nuni ce da ke kwana a garaji.

Sauya lambar taya kuma yana taɓa abu biyu da ba a cika lissafawa ba. Na farko tsayin taya haɗe da janti: 225/45 R17 tana da milimita 634, 215/40 R17 kuwa 604. Motar da dama an sauke ta ta ƙara nutsewa da milimita 15, agogon gudu kuma yana nuna kusan kashi 5 cikin ɗari fiye da gaskiya. Kada bambancin ya wuce kashi 3. Na biyu nauyi: lambar da ke bin girman taya ita ce ke faɗin abin da za ta ɗauka. Lamba 91 kilogiram 615 ce, 87 kilogiram 545, 83 kuwa 487 kacal. Wanda ya cire mai 91 ya sa mai 83 ya rage wa kowace ƙafa kilogiram 128, kuma a zafin watan Afrilu, kan hanyar Doso, wannan ragin ne ke fasa taya. Nemi mai alamar XL, wato mai ƙarin ƙarfin ɗaukar nauyi, wadda lambarta ba ta gaza ta asali ba. Tayoyin gwanjo kuwa, duba lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT, mako ne da shekarar da aka ƙera ta. Wadda ta haura shekara shida ko kwiɓinta ya fara tsattsagewa ba ta jure ɗamewa. Mai hoton dutse da ƙanƙara ta sanyin Turai ce, narkewa take a nan.

Sai lambar ET da ke bayan janti, wadda ke nuna yadda zai shiga ciki ko ya fito waje. Lissafin ba wuya. Daga 8J ET45 zuwa 9J ET30, faɗi ya ƙaru da milimita 25.4, wato 12.7 kowane gefe, ET kuma ya ragu da 15. Bakin waje ya fito da kusan milimita 28, na ciki ya matsa nesa da sifirin mota da milimita 2. Auna sararin da ke tsakanin taya da bakin madigadi kafin ka biya kuɗi. Bayan an ɗaura, gwaji a tsaye bai isa ba: a sa mutum uku a baya, a juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a hau tudun rage gudu a karkace. Bakin madigadin da ba a naɗe shi ciki ba yana yanka kafaɗar taya kamar reza.

Ramukan ƙusoshi ma ana wasa da su. Janti 5x112 (ramuka biyar a da'ira mai faɗin milimita 112) na Mercedes da Volkswagen da 5x114.3 na Toyota da Nissan sun yi kusa har ƙusoshin kan shiga da ɗan dole, amma a karkace suke zama, wata rana su karye. Ramin tsakiya kuwa dole ya zauna daram a kan cibiya: Toyota milimita 60.1, Mercedes 66.6, tsofaffin BMW 72.6. In na jantin ya fi girma, a sa zoben cike giɓi, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa a gudu komai yawan daidaita nauyin da aka yi. In an ƙara faifai a bayan janti, a sa ƙusoshi masu tsawo, mai M12x1.5, wato mai kaurin milimita 12, tana son juyi takwas a cikin zare. A ɗaure da sifana mai awo, ba da tsalle a kan bututu ba, a sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100.

Wajen ɗaurawa, ɗamammiyar taya ba ta son kama baki, shi ya sa wasu masu faci ke zuba mata fetur su ƙyasta ashana. Kada ka yarda. Wutar na ƙona leɓen daga ciki inda ido ba ya gani, banda hannun yaron da ke aikin. A wanke mazaunin leɓe tas daga ƙura, a shafa man ɗaura taya, a yi amfani da tulun iskar da ake harbawa lokaci ɗaya. In leɓen bai zauna ba har iska ta kai bar 2.8, wato kusan kilo 2.8 a ma'aunin masu faci, a sace ta a sake daga farko. A sa sabon bawul.

Iska ita ce jigon maganar. Mai faci ya saba da “kilo biyu” ga kowace ƙaramar mota, kuma ga ɗamammiyar taya wannan kaɗan ne. Fara daga abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba ka ƙara 0.2 zuwa 0.3, masu wannan harka galibi tsakanin 2.6 da 2.9 suke tsayawa, kuma taya XL sai a 2.9 take ɗaukar cikakken nauyinta. Kada a wuce iyakar da ke rubuce a kwiɓi. Wanda ya cika fiye da kima, tsakiyar taya ke cinyewa, birki ya rage kamu, rami kuma ya buge janti kai tsaye.

Lokacin awo ya fi lambar kanta muhimmanci. Iska na hawa ko sauka da kusan 0.1 a kowane digiri 10 na zafi, tafiya kuma na ƙara 0.2 zuwa 0.3. Wanda ya zo da rana tsaka, taya da zafi, aka daidaita masa a 2.6, washegari da asuba zai iya tarar da 2.2, ya shiga shatale-tale da gudu leɓe ya zame. Akasin haka ma ana yi: a auna da zafi a ga 3.1, a tsorata a sace iska. Bar ta, za ta sauka da kanta. A auna da safe kafin mota ta motsa, a inuwa, da ma'auninka na kanka, domin na bakin hanya da yawa sun sha faɗuwa. Taya mai gajeren kwiɓi ba ta nuna laushi a ido, don haka kowane mako. A sake daidaitawa in sanyin Disamba ya shigo.

Dabarar rage iska don fita daga yashi, wadda ta dace da manyan motocin daji, a nan ita ce hanya mafi sauri ta raba taya da janti. In ka kafe, a tona a tura.

Saukar da mota na karkatar da ƙafafu ciki ta sama, tana kuma ɓata saitin gabansu, wato yadda suke fuskantar hanya a miƙe. Ana ɗora wa karkatar laifin cin taya, alhali saitin gaba da ya goce ne ya fi gaggawar cinye ta. A kai ta wurin saiti bayan sifirin ya gama zama, kamar mako ɗaya ko biyu, a riƙe karkatar kada ta wuce digiri 2. Duk lokacin awon iska, a juya sitiyari a shafa gefen ciki na tayar da hannu, domin can waya ke fara fitowa alhali waje na nan kamar sabo.